Gilashin Kyamara: A Nan Hoto Ke Gyaruwa ko Lalacewa

Mai sayen kyamara yakan fara da tambayar megafiksel nawa ce, alhali gilashin da ke bakinta ne ke da ta cewa.

Cikin birnin Kano ba ya rufa wa gilashi asiri. A shiga lungunan kasuwar Kurmi, inda rumfuna suka tare rana. Gilashin 18-55mm da Canon ko Nikon ke haɗawa da ƙananan kyamarorinsu, in aka zuƙo shi har ƙarshe, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Na 50mm mai f/1.8 kuwa, wanda ba ya zuƙowa sai mai hoto ya taka da ƙafarsa, yana shigar da haske kusan ninki 10 na wancan. Da shi fuskar dukawa a bakin aikinsu ke fita tas, tarkacen bayansu ya dushe. Ga shi kuma yana cikin mafi araha.

Hawan Daushe a Ƙofar Kudu wata jarrabawar ce daban. A ɗauki mahayi mai farin rawani, sararin sama na bayansa, sannan a faɗaɗa hoton. Gilashi maras inganci kan bar wani siririn zare mai ruwan shuni a gefen rawanin, domin ya kasa tara launukan haske wuri guda. In kuma aka fuskanci ranar la'asar, sai hoton ya yi fari fat kamar hazo ya sauka. Maganin wannan shi ne shafen da ake yi wa fuskar gilashi, fasahar da Alexander Smakula ya samar a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Wannan shafen ne ke karcewa idan aka goge ƙurar hunturu da bakin riga.

Masu fim, waɗanda sana'arsu a Kano ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990, suna da ƙarin damuwa. Gilashin ɗaukar hoto yakan ɗan canza girman fage yayin da aka mai da saiti daga fuskar jarumi zuwa ta jaruma, ɗakin ya riƙa motsi a idon mai kallo. Gilasan sinima an ƙera su ne don rage hakan, launinsu kuma iri ɗaya ne daga wannan zuwa wancan, shi ya sa kuɗinsu ke da zafi.

A ganina an cika zuzuta kaifin hoto. Amarya ba za ta gode wa gilashin da ya ƙirga mata ƙuraje ba. Mai sayen gilashi na hannu dai ya haska tocila a cikinsa, ya duba fumfuna da karce kafin ya biya.