Barin Windows zuwa Linux ko Mac: Abin da mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama a gida zai samu da abin da zai rasa

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, in ban da wani shiri na ƙarin wa'adi da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Hanyar da kamfanin ya nuna wa jama'a ita ce su koma Windows 11, sai dai ba kowace kwamfuta ce aka yarda ta shiga ba. Dole ta kasance tana da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma ƙwaƙwalwarta, idan ta Intel ce, ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama. Ɗimbin kwamfutocin da ake shigo da su Najeriya na hannu, masu zubi na 6 da na 7, waɗanda har yanzu ke aiki garau, sun faɗi wannan jarrabawa.

Wannan ne ya sa wasu suka fara duban Linux, wasu kuma Mac. Ga mai rubutu da shiga intanet kawai, sauyin bai fi aikin yini guda ba. Amma akwai wani rukuni da lamarin ya fi tsaya wa a rai: masu kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfutar gida. Cikinsu akwai masu yi don sha'awa, akwai kuma matasan da ke burin shiga Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da ke Zariya, waɗanda ke amfani da manhajar wajen sabawa da agogunan ɗakin matuƙi da ƙa'idojin tashi da sauka. Sa'o'in da aka yi a gida ba sa shiga littafin matuƙi, domin sai na'urar da hukuma ta amince da ita ake lissafawa, amma sabon da ake samu ba abin rainawa ba ne. Irin waɗannan mutane sukan shafe shekaru suna tara jirage da filaye da kayan tuƙi, wasu da dala aka saye su, kuma sauya tsarin gudanar da kwamfuta na iya mayar da rabinsu kayan ado.

Tambayar farko da mai niyyar ƙaura zai yi wa kansa ita ce wace manhaja yake tashi da ita, domin amsar ta raba mutane gida biyu.

Mai amfani da X-Plane, wadda kamfanin Laminar Research na Amurka ke yi, yana cikin sauƙi. An gina ta ne don Windows da macOS da Linux baki ɗaya, kuma lambar da aka saya kai-tsaye daga kamfanin tana buɗe ta a kan kowannensu. X-Plane 12, da ta fito a ƙarshen 2022, tana zana hotunanta da fasahar Vulkan a Windows da Linux, da Metal a Mac, don haka babu wani tafinta tsakaninta da katin hoto. Haka ma FlightGear, wadda kyauta ce kuma masu sa-kai ke rainonta tun shekarun 1990, da Aerofly FS 4 ta kamfanin IPACS na Jamus.

Ɗaya gidan kuwa shi ne na Microsoft Flight Simulator, wadda ta fi kowace farin jini. Fitowar 2020 da ta 19 ga Nuwamba, 2024, waɗanda kamfanin Asobo na birnin Bodo a Faransa ya gina, ba su da sigar Linux ko ta Mac. Haka Prepar3D ta Lockheed Martin, haka DCS World ta masu son jiragen yaƙi. A kan kwamfuta, Windows kaɗai suka sani.

Duk da haka ana tayar da Microsoft Flight Simulator a Linux, ta hanyar Proton, wata manhaja da kamfanin Valve ya fitar a 2018 a kan tushen Wine. Aikinta tafinta ne. Duk lokacin da manhajar jirgin ta nemi wani abu da harshen Windows, Proton ta juya buƙatar zuwa abin da Linux ke ganewa. Umarnin zane na DirectX kuma a mayar da shi Vulkan. Fassarar ta yi nisa ƙwarai a 'yan shekarun nan, har mutum na iya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka a Abuja bai ga wani bambanci ba. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu da ba a cika faɗa wa mutane da wuri ba. Na farko, sigar da aka saya a dandalin Steam ce ke bi ta wannan hanya. Wadda aka saya a shagon Microsoft ko ake samu ta rajistar Game Pass ba ta bi. Kuma jirage da filayen da aka saya a kasuwar cikin manhajar suna ɗaure ne da shagon da aka yi cinikin, ba sa bin mutum daga wannan zuwa wancan. Wanda ya tara kayansa a shagon Microsoft zai sake sayen manhajar, sannan ya sake sayen kayan. Na biyu, Microsoft da Asobo ba su ɗauki alhakin Linux ba. Idan sabon gyara ya zo ya hana manhajar buɗewa, babu ofishin da za a kai ƙara. Sai a jira masu Proton su gano bakin zaren.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙare-ƙaren

Mafi yawan waɗanda suka yi ƙaura suka dawo, ba babbar manhajar ce ta koro su ba. Ƙare-ƙaren da ake ɗora mata ne, kuma ba duka suke iri ɗaya ba.

Akwai waɗanda bayanai ne zalla: hoton ƙasa, gine-ginen filin jirgi, fentin jikin jirgi. Waɗannan ba ruwansu da tsarin da ake kai, ana kwafe su daga wannan rumbu zuwa wancan su ci gaba da aiki. Tarko ɗaya ne a nan, ƙarami amma mai cin rai. Windows ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux kuwa tana bambantawa. Idan wanda ya ƙera filin ya rubuta sunan hoto da babban baƙi a wuri ɗaya, da ƙarami a wani, ba zai taɓa lura ba muddin yana Windows. Mai Linux ne zai iske ginin tasha babu fenti, ko fitilun titin sauka sun ɓace.

Akwai kuma waɗanda ke ɗauke da umarnin kwamfuta a cikinsu, wato manyan jiragen da ake kwaikwayon lantarkinsu da mansu da kwamfutar tafiyarsu dalla-dalla. A X-Plane, irin wannan umarni yana zuwa ne a fayil mai ƙarewa da xpl, kuma kowane tsari na buƙatar nasa. Mai shirin ƙaura zai iya bincikawa da kansa tun yana Windows: ya buɗe jakar jirgin, ya shiga ta plugins, ya duba ko akwai lin_x64 ko mac_x64 kusa da win_x64, ko kuma fayil mai suna lin.xpl ko mac.xpl a tsofaffin jirage. Idan babu, jirgin zai bayyana a fili da kyansa, amma allunansa baƙi ƙirin, maɓallai ba sa amsawa. Jiragen Airbus na ToLiss da Boeing 737 na Zibo, wanda kyauta ne, suna aiki a tsarin uku. Wasu masu ƙira kuma, musamman waɗanda ke kulle kayansu da manhajar hana sata, Windows kaɗai suke yi wa, ko Windows da Mac su bar Linux.

Rukuni na uku ya fi wuya, kuma a nan ne masu Microsoft Flight Simulator ke shan wahala: manhajojin da ke zaune a waje suna magana da babbar manhajar ta ƙofar da ake kira SimConnect. FSUIPC, wadda masu haɗa ɗakin matuƙi a gida suka daɗe suna dogara da ita, ta Windows ce. Jirgin A320 na Fenix yana gudanar da tsare-tsarensa ne a wata manhaja ta daban da ke tafiya a gefe. Manyan kamfanonin ƙare-ƙare da yawa suna da manhajarsu ta saukewa da sabuntawa da tantance lasisi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan sai an lallaɓa ta ta zauna a muhallin Proton ɗaya da babbar manhajar kafin su ji juna. Wasu na yarda, wasu sai an sha fama, kuma wadda ta yi aiki a wannan wata na iya ƙi a wata mai zuwa.

Masu tashi a VATSIM, dandalin da mutane na gaske ke zama masu ba da umarni daga hasumiya, su ma sai su duba. Manhajar vPilot ta Windows ce. xPilot, ta masu X-Plane, tana aiki a tsarin uku. SimBrief mai tsara hanya a shafin intanet take, Little Navmap kuma na da sigar kowane tsari, don haka ta wannan ɓangare babu fargaba.

Sandar tuƙi da sitiyari da matakan ƙafa galibi suna aiki da zarar an soka su, domin suna bin ƙa'idar USB ta gama-gari. Abin da ake rasawa shi ne manhajar kamfanin da ke tsara maɓallai da fitilu, irin TARGET ta Thrustmaster, da kuma wadda ke sabunta ƙwaƙwalwar na'urar. A Linux wani lokaci sai an rubuta ɗan umarnin izini kafin X-Plane ta ga sandar. Na'urar bin motsin kai ta TrackIR ba ta da manhajar Linux daga kamfaninta, amma opentrack ta kyauta na cike giɓin. Mai tabarau na gani-kamar-gaske kuwa, shawarar da ta fi ita ce kada ya gusa daga Windows tukuna. Sai dai shi ma ba a bar shi lafiya ba: Microsoft ya cire Windows Mixed Reality daga sigar 24H2 ta Windows 11, abin da ya bar masu HP Reverb G2, tabarau da ya yi fice a wurin matuƙan gida, suna neman mafita a wajen kamfanin. Ko ƙaura daga Windows zuwa Windows tana da nata asarar.

Sauri: abin da sauyin ke iya yi da wanda ba ya iyawa

Ana yawan cewa Linux ta fi sauƙin nauyi, kuma gaskiya ne tana barin ma'ajiyar RAM da yawa ga manhaja fiye da Windows mai tarin ayyukan bayan fage. Ga kwamfuta mai gigabayit 16, wannan na iya rage sarƙewa a manyan filaye. Amma abin da ya fi daƙile manhajar kwaikwayon jirgi shi ne ƙarfin zare ɗaya na ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda ke lissafin iska da injin da zirga-zirgar sauran jirage kafin a zana kowane hoto. Tsohuwar ƙwaƙwalwa tsohuwa ce a kowane tsari. Wanda ke samun hotuna 22 a daƙiƙa a filin Legas kada ya sa ran ganin 60 don ya sauya tsari.

Adadin na da muhimmanci fiye da daɗin kallo. Idan X-Plane ta sauka ƙasa da hotuna 20 a daƙiƙa, takan rage gudun lokaci don lissafinta ya daidaita, sai jirgin ya riƙa tafiya a hankali fiye da yadda agogonsa ke nunawa. Shi ya sa xPilot ke cire duk wanda ya daɗe a ƙasa da 20 daga VATSIM, don kada ya rikita jerin masu sauka.

Katin hoto ma na da ta cewa. Na AMD yana tafiya da direbobin da ke zuwa a cikin Linux tun asali, kuma sun yi suna wajen aiki da Proton. Na NVIDIA sai an ɗora direban kamfanin, kuma an daɗe da sanin cewa manhajojin DirectX 12 kan yi asarar sauri a kansa idan suka bi ta fassara. Fitowar 2024 ta Microsoft Flight Simulator kuwa DirectX 12 kaɗai take amfani da ita. A kowane hali, kada a yanke hukunci da tashin farko, domin a lokacin ne kwamfutar ke harhaɗa bayanan zane tana ajiyewa, hoto na ta tsinkewa. Gwajin adalci shi ne jirgi ɗaya, fili ɗaya, yanayi ɗaya da sa'a ɗaya, a maimaita sau uku a kowane tsari.

Ga mai zaune a Najeriya, akwai wani lissafi da ya fi na tsarin kwamfuta nauyi, wato na data. Fitowar 2024 tana janyo yawancin duniyarta ne daga intanet yayin da ake tashi, kuma kamfanin ya ba da shawarar layi mai megabit 50 a daƙiƙa, mafi ƙaranci 10. X-Plane kuwa tana ajiye ƙasarta a rumbun kwamfuta. Mutum ya zaɓi yankin Afirka ta Yamma kaɗai ya sauke sau ɗaya. Jakarta ma ana iya kwafe ta ɗungurungum zuwa sabon tsari, a bar manhajar sakawa ta ƙara abin da ya rage, maimakon a sake sauke gomman gigabayit.

Batun Mac gajere ne. X-Plane 12 na tafiya da kyau a kan ƙwaƙwalwar Apple ta jerin M, amma tsofaffin ƙare-ƙaren da aka gina don Intel na tilasta a buɗe manhajar gaba ɗaya ta hanyar tafintan Rosetta, wanda ke rage sauri. Boot Camp, da a da ake ɗora Windows da shi a kan Mac, babu shi a waɗannan sababbin injuna. Mai son Microsoft Flight Simulator ba shi da abin nema a nan.

A ganin wannan marubuci, mai X-Plane da kwamfutarsa ta kasa shiga Windows 11 yana da hujja mai ƙarfi ta gwada Linux Mint ko Ubuntu, mai Microsoft Flight Simulator da tarin jiragen kuɗi kuwa gara ya tara kuɗin sabon allo da ƙwaƙwalwa. Duk wanda zai gwada, ya sayi rumbun SSD na biyu ya ɗora Linux a kai, ya bar na Windows yadda yake, ya kuma tsara sabon rumbun da ext4 maimakon raba NTFS tsakanin tsarin biyu, domin Proton ba ta jituwa da shi sosai. Sigar gwaji ta X-Plane kyauta ce, tana ba da minti 15 na tuƙi a kowane buɗewa, wanda ya isa a ga ko sanda da katin hoto sun amsa. Bayan an kwafe jiragen, a buɗe fayil ɗin Log.txt da ke cikin babbar jakar manhajar: duk ƙarin da ya ƙi tashi, sunansa na nan a rubuce tare da dalili.