Baƙar Ƙura A Sararin Birnin Fatakwal

A da can ana yi wa Fatakwal, hedkwatar Jihar Ribas, kirari da birnin lambuna. Amma tun wajen ƙarshen shekarar 2016 jama'ar birnin suka fara wayar gari suna tarar da wata baƙar ƙura mai kama da kunkunniyar madafa ta rufe motoci da shanya da daɓen ɗakuna. In yaro ya taka daɓe ba takalmi, sai tafin ƙafarsa ya yi baƙi ƙirin. Abin ya fi tsanani da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai wanke sarari.

Babban tushen wannan masifa shi ne matatun mai na ɓoye da ke cikin fadamun kewayen birnin, inda ake dafa ɗanyen man sata a tankuna don a sami kananzir da dizal. Haka kuma jami'an tsaro kan banka wa man da suka kama wuta, watau magani ya zama ƙarin cuta. Ga iskar gas da ake ƙonawa a filayen haƙar mai, ko da yake dokar 1979 ta hana yin haka daga 1984 sai da izinin minista. Ga kuma tayoyin da ake babbaka da su a mahauta.

Haɗarin yana cikin ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda kan shige can cikin huhu har su kai ga jini, su jawo asma da ciwon zuciya da sankarar huhu. Saboda haka ne a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da ta amince da ita a shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska.

Gwamnatin jihar ta kafa kwamiti a Fabrairun 2017, jama'a kuma suka yi zanga-zangar lumana a Afrilun 2018. A Janairun 2022 gwamnan lokacin, Nyesom Wike, ya ba da umurnin rushe matatun, mazauna kuwa suka shaida cewa ƙurar ta ragu.

Lalle wannan ya nuna cewa hayaƙin ba ƙaddara ba ne, aikin hannun mutane ne. Amma muddin samari ba su da sana'a, kuma man sata yana da masu saye, tukunyar da aka fasa yau za a sake girka ta gobe.