Shekara 17 ko 18? Matsayin matasan mafarauta a gaban dokar lasisi a Nasarawa

Da zarar an kammala girbi, ciyawa ta bushe a dazuzzukan da ke kewaye da Lafiya, Doma, Obi, Keana da Awe, sai kakar farauta ta kama. Ayarin mafarauta kan fita da karnuka da gorori da bindigogin toka, kuma da wuya a rasa yara da matasa a cikinsu: wani na riƙe da kare, wani na ɗauke da burgamin mahaifinsa, wani kuwa har an fara ba shi bindiga ya gwada hannu. A al'ada, ba a tambayar shekarun yaro kafin ya shiga dawa. Uba ko maigida ne ke duba ƙarfinsa da natsuwarsa, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ya sa albarka.

Doka ba ta tafiya a kan wannan ma'auni. Abin da ke jefa matasa da dama cikin matsala shi ne, farauta da bindiga a Najeriya na buƙatar izini iri biyu daga hukumomi biyu da ba su haɗa ofis ba, yayin da takardar da galibin mafarauta ke ɗauke da ita a aljihu ba ko ɗaya ba ce daga cikin biyun.

Izini na farko na bindigar ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa tun kafin samun 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai kuma waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda aka bar al'amarinsu ga Kwamishinan 'yan sandan jiha.

A wannan dokar ce aka ambaci shekaru. Ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka sani da shaye-shaye ko rashin kamun kai, da kuma wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru 5 da suka gabata. Ko mutum ya cika dukkan sharuɗɗan, dokar ta fayyace cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar.

Shekara 17 ɗin nan ita ce inda aka fara samun saɓani. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Nasarawa ke cikin jihohin da suka amince da ita, ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. A 18 ake yin rajistar zaɓe, a 18 ake karɓar lasisin tuƙi. Ke nan a kan takarda, ɗan shekara 17 da doka ba ta yarda ya tuƙa mota daga Lafiya zuwa Akwanga ba, yana iya neman izinin riƙe bindiga. Ɗan shekara 15 ko 16 kuwa, wanda a zahiri shi ne ke cikin shekarun koyon sana'ar, ba shi da wani gurbi ko kaɗan. Babu lasisin ɗan koyo, kuma lasisin uba na uban ne da bindigar da aka rubuta a ciki, bai lulluɓe ɗansa ba. Duk ranar da mahaifi ya miƙa wa yaron bindiga a dawa, yaron ya zama mai riƙe da makami ba da izini ba.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Dokar 1959 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga mai riƙe da bindigar amfanin kai babu lasisi. Dokar Fashi da Makami ta 1984 ta fi tsanani: tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, kuma ma'anar bindiga a cikinta ta haɗa har da na gargajiya. Akwai kuma wani tarko da mafarauta da yawa ba su lura da shi ba. Bindigar da maƙeri ya ƙera a ƙauye ba lallai ba ne ta zama bindigar toka a idon doka. Idan harsashi ake sa mata ta baya, to ta fita daga rukunin adaka, izinin Kwamishina bai wadatar da ita ba.

Ko wanda shekarunsa suka kai, yana da shinge biyu a gabansa. Na farko shi ne tabbatar da shekarun. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa, kuma ƙauyuka, inda mafarautan suke, su ne a baya. Na biyu ya fi girma: a watan Agustan 2023, Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabbin lasisin bindiga a faɗin ƙasa saboda yawaitar makamai. Tun kafin wannan, a 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya umarci mutanen Zamfara su nemi lasisi domin kare kansu, rundunar 'yan sandan jihar ta ce akwai takunkumi a kan bayar da shi. Dalilin hukuma a fili yake, musamman a jiha irin Nasarawa da ta sha fama da rikicin manoma da makiyaya da garkuwa da mutane. Sai dai rufe ƙofar ofis bai hana matasa zuwa dawa ba. Abin da ya hana shi ne a san su waye, da irin bindigar da ke hannunsu.

Izini na biyu na dabbar ne, kuma wannan hurumin jiha ne. Nasarawa, da aka ƙirƙiro daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta gaji tsarin da ya samo asali daga Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda ta bambanta dabbobin da aka haramta kashewa da waɗanda sai da lasisin farauta. A samansa akwai dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ta haramta farautar zaki da damisa, abin da kowa zai yi tsammani, amma jerin ya ƙunshi har da kada, mesa, guza, aku da ayu da ke rayuwa a Kogin Binuwai. Ta kuma hana amfani da wuta, guba da farautar dare a kan dabbobin da ta lissafa. Yaron da ya cinna wa daji wuta ya kamo guza ba ya buƙatar bindiga kafin ya taka doka.

Filin farautar ma yana raguwa. A 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da mayar da wasu gandayen daji 10 zuwa na ƙasa, ciki har da Marhai a yankin Wamba, da Pandam ta Jihar Filato da ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam. A gandun daji na ƙasa, shiga da makami ba da izini ba laifi ne, ko an harbi wani abu ko ba a harba ba.

Gurbin da hukuma ta bari, ƙungiyoyin mafarauta ne suka cike shi da katin shaida. Katin yana da amfani wajen nuna cewa shugabanni sun san mutum, amma ba lasisin bindiga ba ne, ba kuma na farauta ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin kafa hukumar mafarauta da tsaron dazuzzuka a 2022, sai dai Buhari ya bar mulki bai sa masa hannu ba. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano daga Ribas bayan an ga bindigogin toka a motarsu, ya nuna cewa rashin takarda guda da kowane jami'i da ɗan sintiri zai gane nan take na iya zama batun rai da mutuwa. Muhawarar da ta biyo baya kan ko suna da lasisi ko ba su da shi ba ta sauya cewa kisan gilla aka yi musu ba.

Wasu ƙasashe sun warware matsalar ɗan koyo ta hanyar ba shi matsayi a doka. A Faransa, ɗan shekara 15 na iya farauta tare da babba mai lasisi, da bindiga ɗaya tsakaninsu, kafin ya karɓi nasa a 16 bayan jarrabawa. A Amurka kowace jiha ke yanke nata shekarun, kuma baya ga lasisi ana sayar da takarda ta musamman ga kowace babbar dabba, wadda maharbi ke liƙa mata da zarar ya kashe ta, domin a san adadin da aka ɗiba. Jihar New York ce ta fara wajabta horon mafarauta a 1949, kuma a 2021 ta buɗe wa 'yan shekara 12 da 13 damar harbin barewa da bindiga, da sharaɗin babba mai lasisi yana tsaye kusa da su.