Dambe da kokawa ga mai ciwon garkuwar jiki: Wa ke duba ɗan wasa kafin ya shiga fili?

Da zarar an kammala girbi a Kaugama da sauran garuruwan masarautar Haɗeja, gero ya shiga rumbu, riɗi ya kama hanyar kasuwa, sai kalangu ya fara tashi da yamma. Lokacin dambe da kokawa ke nan. Mai shirya wasa yana da abubuwan da ba ya wasa da su: wa zai kara da wa, yadda aka naɗa zare a hannu, nawa za a karɓa a ƙofa. Abin da ba a saba tambaya ba shi ne lafiyar jikin da ke ƙarƙashin layu da guraye.

Wannan rashin tambaya ya fi zama haɗari ga rukuni guda na matasa, wato masu fama da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da ya kamata ta kare. Shin mai irin wannan ciwo zai iya dambe, ko kokawa, ko tekwando? A mafi yawan lokuta zai iya atisaye, kuma atisayen ma magani ne. Shiga karawa kuwa ya danganta da sassan jikin da ciwon ya taɓa da kuma maganin da yake sha. Matsalar ita ce sai an san sunan ciwon ake iya wannan lissafi.

Wane irin ciwo ne?

A dambe, hannun da aka ɗaure shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa. A ce garkuwar ta riƙa dukan mai ita, to kusan abin da ke faruwa ke nan. Ƙwayoyin da aka tanada don yaƙar cuta suna kuskuren ɗaukar gaɓoɓi, ko fata, ko ƙoda, ko hanji a matsayin abokan gaba. An san irin waɗannan cututtuka fiye da 80, kuma mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2023, wanda ya bi bayanan mutum miliyan 22 a Birtaniya, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana da ɗaya daga cikin 19 da aka duba.

Sikila ba ta cikinsu, ita gado ce. Ƙanjamau ma daban ne, a can garkuwar rauni take yi. Waɗanda suka fi shafar ɗan wasa a yankinmu su ne amosanin gaɓɓai na rumatoyid, da lufus, da ciwon suga nau'i na ɗaya mai kama yara da matasa, sai kuma ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun ana yaro. Dukkansu ba sa warkewa kwatakwata. Yawancinsu suna lafawa ne su sake tashi, shi ya sa mai ciwon zai iya yin wata uku garau, a yi ta yi masa kirari, sannan ya wayi gari ya kasa dunƙule hannu.

"Ai sanyi ne"

Ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 20 da yatsunsa ke sandarewa kowace safiya, sai an yi awa guda kafin su saki, hannu biyun duka. A gida za a ce sanyi ne, tunda ya yini cikin ruwan shinkafa a fadama. A wajen abokan wasa kuwa bayani a shirye yake: abokin hamayya ne ya yi masa asiri. Dukkan bayanan biyu suna da wurin zama a zuciyar mutane, kuma dukkansu suna jinkirta zuwa asibiti. Rumatoyid kuwa a shekarun farko yake cin gaɓa, abin da ya ci kuma ba ya dawowa.

Daga nan sai kemis. A nan ne, a ganina, babbar ɓarnar take. Ƙwayoyin sitiroyid irin su firedinisolon da deksametazon suna da arha, ana samunsu ba tare da takardar likita ba, kuma aikinsu kamar yankan wuƙa yake: kumburi ya sauka, ciwo ya ɗauke, saurayi ya koma fili yana jin ya warke. Likitoci ma suna ba da su, amma da awo da wa'adi. Shan su wata da watanni yana rarake ƙashi, yana haura da suga da hawan jini, yana sa rauni ya daɗe bai warke ba, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Wanda ya daɗe yana sha ya tsaya farat ɗaya, shi ma yana iya faɗuwa ciwo mai tsanani. Ƙashin da sitiroyid ya rarake shi ne za a ɗaga a doka da ƙasa a kokawa.

Masu kashe raɗaɗi irin su diklofenak da ibufurofen su ma suna da nasu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Haɗeja ke haura digiri 40, ɗan wasa yana zubar da gumi, jikinsa ya bushe, ya kuma ɗora waɗannan ƙwayoyi a kan ƙodarsa. Idan lufus ne ke damunsa, wanda dama ƙoda yake nema, to an haɗa mata zafi biyu.

Abin da zakaran duniya ya yi

A Nuwamban 2017, ɗan ƙasar Kanada Georges St-Pierre ya doke Michael Bisping a birnin New York ya karɓi kambun matsakaita nauyi na UFC, gasar da matasanmu suka sani ta hanyar Kamaru Usman da Israel Adesanya. Bayan wata guda kacal ya ajiye kambun. An gano yana da ciwon gyambon babban hanji wanda garkuwar jiki ke haddasawa. Bai sake shiga karawa a gasar ba, ya sanar da ritaya a 2019, amma bai daina atisaye ba.

Bambancin da ya yi tsakanin atisaye da karawa shi ne abin da likitoci ke yi. A da ana ce wa mai amosanin gaɓɓai ya kwanta ya huta. Yanzu an bar wannan ra'ayi: ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai ta fitar da shawara a 2018 cewa motsa jiki ya zama sashe na maganin, domin tsokar da ta yi ƙarfi tana ɗauke wa gaɓa nauyi, tana kuma rage kasala. Gudu, ɗaga nauyi daidai gwargwado, koyon taku da kaucewa, dukan iska, duk waɗannan a buɗe suke ga mafi yawan masu ciwon, muddin ba ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi ba ce.

Karawa ce ke da sharuɗɗa, kuma wasunsu ba su da sassauci. Rumatoyid yana iya sassauta mahaɗar ƙasusuwa biyu na saman wuya ba tare da mai shi ya ji komai ba, sai hoton ƙashi ya nuna. Mai wannan matsala idan aka murɗe masa wuya a kokawa, lakarsa ce a cikin haɗari. Wasu masu lufus suna shan wafarin don hana jini daskarewa, wasu kuma ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙaranci a jikinsu. Ga waɗannan, naushin da zai sa wani ya dafa ƙasa a ce an yi kisa, ya tashi ya karkaɗe jiki, yana iya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wanda kuma ciwon maƙogwaron yarinta ya lalata wa ƙofofin zuciya, hakin da yake yi a turmi na biyu ba ragwantaka ba ce.

Suga, randa da ambaliya

Mai suga nau'i na ɗaya ya fi kowa damar yin wasa sosai, ya kuma fi kowa buƙatar lissafi. Rayuwarsa ta dogara da allurar insulin kullum. Doguwar motsa jiki tana saukar da suga, wani lokaci har cikin dare bayan an tashi daga fili, gajeren artabu mai tsanani kuma yana iya haura da shi na ɗan lokaci. Alamomin faɗuwar suga su ne gumi, karkarwa da ruɗewa, wato daidai abin da 'yan kallo za su ɗauka naushi ne ya shige shi. Idan babu wanda ya san halin da yake ciki a bakin fili, babu wanda zai miƙa masa ruwan sukari.

Ajiyar insulin ma aiki ce inda wuta ba ta tsayawa. Wanda ba a buɗe ba firji yake so. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa kwalbar da ake amfani da ita tana jure zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Bazararmu tana wuce haka. Abin sha'awa, dabarar da ake komawa gare ta a ƙasashe masu zafi ta gida ce: tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai damina. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna yadda kogin Haɗeja ke raba ƙauyuka da asibiti. Mai ciwon garkuwar jiki ba ya iya tsallake wata guda na magani, kuma mai shan maganin da ke danne garkuwa, ratsa ruwan ambaliya da rauni a ƙafa ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Alhakin wa?

Ƙwararrun likitocin gaɓɓai ƙalilan ne a Najeriya, mafi yawansu kuma suna asibitocin koyarwa na manyan birane. Ga mutumin Kaugama, neman sunan ciwonsa yana nufin ya fara da Haɗeja, ya wuce Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuɗin mota, da na gwaji, da na kwana. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, kamfanonin GSK da Sanofi kuma suka sanar a shekarar cewa za su daina sayar da magunguna da kansu a ƙasar, magungunan da ake shigowa da su sun ƙara nisa da talaka.

A takarda akwai tanadi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Jigawa kuma tana da hukumarta ta taimakekeniya, JICHMA. Ma'aunin waɗannan dokoki ga mai rumatoyid ko suga abu ɗaya ne: ko zai samu maganinsa duk wata a kusa da gida. Wannan tambaya ce da ta cancanci a yi wa kowane ɗan majalisar jiha daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar.

Masu shirya wasa ma suna da nasu kason. Dambe ya wuce wasan mahauta na bayan kaka, ya shiga YouTube, kamfanoni irin su Dambe Warriors da African Warriors suna nuna shi ga duniya, kuma yaron ƙauye yana kallon wannan a wayarsa yana mafarki. Dubawar da za ta kama yawancin haɗurran da aka ambata ba ta buƙatar babban asibiti: awon jini, ɗigon jini ɗaya don suga, gwajin fitsari, sauraren zuciya, da tambayar wane magani yake sha, tun yaushe. Ma'aikacin lafiya ɗaya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa zai iya yi wa 'yan wasan yamma guda duka kafin makaɗa su gama ɗaure kalangu.