Ƙi da tsana a bakin mutanen Koriya

Masu tura fina-finai a waya a Jimeta sun san cewa na Koriya ta Kudu ba sa kwantai. Tun daga Jumong na 2006 har zuwa Squid Game na 2021 matasa ke kallo, wasu kalmomin kuma suna maƙale musu a kunne. Cikinsu har da "shiro", wadda budurwa kan faɗa tana tura baki, ko yaro idan an tilasta masa cin abin da ba ya so.

Shiro kusan daidai take da "na ƙi" ta Hausa, domin ta haɗa rashin so da ƙin yarda. Ana faɗinta a kan abinci, ko sanyi, ko aike. Sai dai a wannan harshe wutsiyar kalma ce ke nuna girman wanda ake yi wa magana. Shiro haka tsurarta, ta tsara ce da ƙanne, irin maganar da suke kira "banmal", wato rabin magana. Ga wanda ya girme ka sai "shiroyo", a gaban shugaba ko cikin taro kuwa "shilsumnida". Ko da an ladabta ta, tana da kaushi. Shi ya sa mai hankali kan kauce mata ya ce "byollo", ma'ana ba wani sosai ba, ko ya ja "jom", wato "ɗan...", ya bar zancen a rataye, mai sauraro ya ƙarasa da kansa.

Mutumin Yola ba zai yi mamakin wannan ba. Cikin pulaaku, ɗabi'ar Fulani, akwai semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri. Ɗan da ya tashi a gidan Fulani ya san "mi yiɗaa", ba na so, amma ba ya jefa wa baffansa ita. Idan aka yi wa yarinya tayin mijin da bai kwanta mata ba, sai ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi, tana wasa da zaren tabarma. Gwaggon da ta san aikinta ta riga ta ji amsa.

Nahawun mutanen Koriya ma yana da wani ladabi da ya burge ni. Kana iya cewa shiro a kan zuciyarka, amma idan labarin wani kake bayarwa sai ka koma ga "shirohada", wadda ke nuni da cewa ƙin ya bayyana a halinsa. Abin da ke cikin ransa, shi ya sani.

Sai "miwo". Ita ta mutane ce, kuma galibi na kusa: miji, uwa, masoyi. Masu fassara kan mayar da ita "na tsane ka", amma sau da yawa fushin wanda aka ɓata wa rai ne, yana jiran rarrashi. Har suna da abin da suke kira "miun jong", shaƙuwar da ke tsirowa cikin faɗa, kamar kishiyoyin da suka shekara da shekaru suna habaici, ranar da ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ta kasa cin abinci.

Akwai kuma manyan kalmomi biyu da aka aro daga Sinanci. "Jung-o" ita ce ƙiyayya mai tushe, ta gaba da ramuwa, ba a cika jin ta a hira ba. "Hyomo" kuwa ƙyama ce, ita ce ta cika jaridu. A watan Mayun 2016 wani mutum ya kashe wata matashiya da bai taɓa sani ba kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gangnam a Seoul, ƙasar ta ɗauki muhawara kan ƙyamar mata. A birnin Daegu kuma, ɗalibai Musulmi na Jami'ar Kyungpook sun sha fama kan ginin masallaci. Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 2022, amma wasu mazauna unguwar suka riƙa ajiye kawunan alade a bakin wurin. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suka kira wannan hyomo. Tun 2007 ake kai wa majalisar ƙasar ƙudurin dokar hana wariya baki ɗaya, ana ta dawowa hannu rabbana.