Shafi da Tuta: Yadda Kwamfuta Ke Tattalin Ƙwaƙwalwarta



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙanƙane ne ƙwarai, amma yana cikin aljihun da yawa daga cikinmu. Wayar Android da ke hannun manomi a Karakkai, da ta ɗan tireda a Tsafe ko Bungudu, da ta magatakarda a Gusau, duk abu guda ke tafiyar da su daga ciki, watau Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki ta ƙasar Finland cikin 1991. Masana suna kiran irin wannan manhaja kanel. Ni na fi son in ce cibiya, domin ta nan sauran manhajoji suke samun abincinsu.

Babban aikin cibiya shi ne rabon ƙwaƙwalwar aiki. Ba tsaba-tsaba take rabawa ba, yanka ta take yi gunduwa-gunduwa, daidai wa daida, kowace gunduwa sunanta shafi. Dabarar tsohuwa ce, tun kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila, 1962. A yawancin na'urori shafi guda bayit 4,096 ne. Ke nan waya mai gigabayit 4 tana da shafi 1,048,576.

To, kowane shafi sai an buɗe masa layi a kundi, kamar yadda a da ake rubuta kowane magidanci a kundin haraji. Layin nan galibi bayit 64 ne. In muka yi lissafi, kundin kaɗai ya cinye megabayit 64 na wayar nan, watau kashi 1 cikin 64, tun ba a buga wa kowa waya ba. A babbar kwamfuta mai terabayit 1 kuwa, gigabayit 16 ne. Duk bayit ɗin da aka ƙara wa layi guda a wayar, an ƙara shi sau fiye da miliyan. Ga mafarin rowar da za mu gani.

Cikin abin da ake rubutawa a layin akwai tambayoyin da amsarsu i ce ko a'a. An kulle shafin nan? An sake abin da ke cikinsa, ba a kai ma'ajiya ba tukuna? An taɓa shi kwanan nan? Ana cikin kwashe shi? Waɗannan su ake kira tutoci. Malamin firamare ba ya rubuta jimla a rajista don ya ce yaro ya zo, alama guda yake yi. Haka nan kowace tuta bit guda take ci, ko 1 ko 0, sa'an nan a jera su duka cikin kalma ɗaya mai bit 64, watau bayit 8. Da za a ba kowace tuta bayit nata, tutoci ashirin da wani abu sai su tsaga layin. Wannan kuwa ba ƙaramar asara ba ce, domin bayit 64 shi ne mudun da yawancin na'urori ke ɗiba da shi a lokaci guda. Layin da ya fi mudu, sai an ɗiba sau biyu.

Amma kalmar nan ba ta tutoci kaɗai ba ce. A samanta ake rubuta yankin ƙwaƙwalwar da shafin yake. A na'urori masu bit 32, irin wayoyi masu araha da suka daɗe a kasuwanninmu, wurin ya yi ƙunci sosai. Alal misali, a 2015 da aka ƙaro tutoci biyu na gane shafin da ba a amfani da shi, masu bit 64 kaɗai suka sami gurbi a kalmar. Na masu 32 sai a wani kundi na gefe.

Ƙunci ya haifi dabaru. Ɗaya ita ce a ba bit guda ma'ana biyu, muddin shafi ba zai buƙaci duka biyun a lokaci ɗaya ba. A ganina wannan zaman haya ne na mutum biyu a ɗaki guda, yana tafiya ne kawai in kowa ya san lokacin shigarsa. Ta biyu ta fi burge ni. Adireshin layi a kundin kullum lamba ce mai rabuwa biyu, don haka bit ɗinsa na ƙarshe sifiri ne har abada. Sai aka ari wannan gurbi da ke zaune banza aka mai da shi tuta, ba a kashe ko bayit guda ba.

Akwai kuma farashi. Wayoyin zamani suna da injinan lissafi da dama masu aiki tare. In biyu suka ɗauki kalma guda, kowane ya gyara tasa tuta ya mayar, na baya zai shafe aikin na farko, shafin da ba a adana ba ya bayyana kamar an adana shi, hoto ko takardar mutum ta salwanta. Saboda haka ake gyara tuta da umarni na musamman wanda ba a katse shi, ko da yake ya fi nawa.

A Janairun 2022, cikin Linux 5.16, aka shigo da aikin Matthew Wilcox mai suna folio, watau damin shafuffuka wanda ake duba tutocinsa a wuri guda. Burin da ya bayyana shi ne a rage layin kowane shafi daga bayit 64 zuwa 8. In hakan ta tabbata, kundin wayar da muka lissafa zai sauko daga megabayit 64 zuwa 8, ban da abin da za a rubuta wa kowane dami.