Ko Kun Sani? “They” Na Mutum Ɗaya

A ce an tsinci jaka a aji, ba a san mai ita ba, namiji ne ko mace. Bature zai ce “he” ko “she”? Tun ƙarni na 14 Turawan Ingila ke kauce wa wannan tarko da “they”, wato “su”, alhali mutum ɗaya ake nufi. Malaman nahawu na ƙarni na 18 ne suka tayar da jijiyar wuya, wai sai dai “he”. Bakin jama'a bai bi su ba. A 2019 ma ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka ya zaɓi “they” a matsayin kalmar shekara.

Amma fa aikatau ɗin da ke bin “they” na jam'i ne: “they are”, ba “they is” ba. Ɗalibai, a kiyaye.